Baƙin Zane da Bakin Zane: Ɗalibi da Shafin Wani Marini a Kano

Masana Hausa sun daɗe suna tattauna ƙa'idojin rubutu a zaurukan taro, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa na Yamai na 1980. Sai dai akwai wani fage da ake jarraba waɗannan ƙa'idoji kullum ba tare da an gayyaci malami ba, wato fuskar wayar hannu. Abin da wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya gamu da shi a Kano, sa'ad da ya karɓi aikin gina wa wani dattijon marini shafin intanet, ya isa misali.

Dattijon ya gaji rini daga mahaifinsa, da baba da toka yake haɗa ruwan karofinsa. Masu sayen kayansa sun haɗa da fatake daga Agadas da Damagaram, da kuma masu ɗinki a Abuja da Legas. Bukatarsa ita ce mai nema ya same shi ba sai ta hannun dillali ba, domin la'ada tana cinye ribar. Sharaɗinsa ɗaya ne: shafin ya yi magana da Hausa. Shi kuwa ɗalibin, wannan ne aikinsa na farko da za a biya shi, kuma da kuɗin yake sa ran yin rajistar zangon karatu mai zuwa.

Matsala ta farko haruffa masu lanƙwasa ne suka kawo ta. Tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, amma ba kowane salon haruffa ne aka zana su a cikinsa ba, don haka a wasu wayoyi sai su fito kamar 'yan akwatuna. Abokan karatunsa suka ba shi shawarar ya zubar da lanƙwasar gaba ɗaya, tunda akasarin masu bincike ba sa rubuta ta, kuma adireshin shafi ma da haruffan Turanci 26 da lambobi aka saba yin sa. Jerin kayan dattijon ne ya hana shi bin shawarar. A ciki akwai baƙin zane, akwai kuma adon bakin zane. Idan lanƙwasa ta faɗi, mai son rini baƙi ƙirin da mai son ado a gefe za su aiko da saƙo iri ɗaya. Sai ya koma ga salon Noto Sans, wanda ya ƙunshi haruffan duka, ya kuma tsara akwatin binciken shafin ya ɗauki k da ƙ a matsayin abu guda, haka ma 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar. Mai karatu yana ganin daidaitacciyar Hausa, mai nema kuma ba a hukunta shi saboda wayarsa.

Daga nan sai batun kalmomi. Sunan da Turanci ya ba shafin farko, fassararsa kai tsaye ita ce gida. Da ɗalibin ya karanta wa dattijon, sai ya ce: "Ɗana, baƙo ba ya faɗawa cikin gida. A zaure ake tarbarsa." Aka sa wa shafin farko suna Zaure. Maɓallin da aka saba fassarawa da "saka a kwando" shi ma bai tsira ba, domin babu mai zuba turmin shadda a kwando. Abin da mai saye ke faɗa a bakin karofi shi ne "ware mini", shi aka rubuta.

Inda suka fi jan zare shi ne farashi. Ɗalibin ya ce: "Alhaji, mai saye a intanet yana son ya ga kuɗi ya biya nan take." Dattijon ya amsa cewa rubuta kuɗi toshe bakin mai tayi ne. A wurinsa ciniki yana da matakai: sallama, gaisuwa, tayi, albarka, ƙari, sannan sallamawa. A cikin waɗannan matakai ne yake gane wanda zai ba bashi da wanda zai nemi ya biya kafin a tsoma zane a ruwa. Suka daidaita a kan rubuta mafi ƙarancin farashi, tare da maɓallin da ke kai mai saye WhatsApp, inda dattijon ke ƙarasa cinikin da saƙon murya.

Abin lura ga sassan nazarin Hausa shi ne, Zaure da "ware mini" ba daga wani kwamitin ƙirƙirar kalmomi suka fito ba. Mai sana'a da ɗalibi ne suka yanke su a zama ɗaya, kuma irin wannan zama yana faruwa a duk inda tela ko baduku ya nemi shafi. Yawancin waɗannan shafuka suna ɓacewa da zarar an kasa sabunta kuɗin adireshi na shekara, su tafi da kalmominsu. Tattara su tun suna nan aiki ne da ɗaliban Hausa da na kwamfuta za su iya yi tare, kuma ya cancanci a ba shi gurbi a kundayen kammala digiri.