Furen Alwat a Ƙasar Tamesna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa malamai labarin wani tsiro na hamada, wanda Abzinawa ke kira alwat.

Na tashi daga Agadas na yi yamma zuwa Ingal, daga can muka miƙa arewa cikin Tamesna tare da masu raƙuma, lokacin ɗari. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai tsakuwa da rairayi. Amma inda ruwan damina ya kwanta ya nutse, sai ka tarar da alwat ya rufe wuri, kore shar, iyakar ganinka. Shekarar da ba a yi ruwa ba kuwa, ko ɗaya ba ya fitowa.

Ga yadda ake gane shi. Tsawonsa yakan kai gwiwa, wani har ƙugu. Ganyensa faffaɗa ne mai kauri, ya rungume kara, in ka murje shi sai ka ji warin kabeji, don kuwa danginsu ɗaya. Furen shunayya ne, kunnuwansa huɗu, biyu na duban biyu. Ɗansa kwanso ne fayau kamar kwabo, da ɗan tsini a ka. Baƙo yakan ɗauke shi ƙaramar tumfafiya, to, sai ya ƙirga: kunnuwan furen tumfafiya biyar ne, kuma in an karya ta farin ruwa ke fita kamar nono, wanda ke ɓata ido. Alwat ba shi da wannan.

Abzinawa suna ji da shi ƙwarai. Saboda ruwan da ke cikin ganyen, raƙumin da ke kiwonsa yakan yi makonni bai nemi rijiya ba, raƙuma kuwa ta yi ta ba da nono.

Sai dai ba raƙumi kaɗai ke sonsa ba, fara ma abincinta ne, kuma Tamesna tana cikin wuraren da take ƙyanƙyasa. Manoman Nijar ba su manta da farar 2004 ba, da yunwar da ta biyo a 2005. Saboda haka ni a ganina, duk malami ko akawun da aiki ya kai shi can, in ya ga alwat ya sunkuya ya duba ƙarƙashin ganye. In ya tarar da 'ya'yan fara sun taru ba su yi fiffike ba tukuna, ya gaggauta sanar da ma'aikatan gona.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Agadas.