Teburin Mutum Biyu

Bahaushe bai ɗauki cin abinci a matsayin abin da ake fita nema don nishaɗi ba. A al'adarsa abinci na gida ne, kuma tukunyar gida ita ce ma'aunin rufin asirin magidanci. Gaskiya ne tun fil azal akwai masu tuwo-tuwo a bakin kasuwa, da masu fura a tasha, da mahautan da kan hura wutar tsire bayan la'asar, amma an san waɗanda ake yi dominsu: matafiyi da falke da ɗan ci-rani da gwauro. Idan aka ga mai iyali zaune a kan bencin mai tuwo a cikin garinsu, ba za a rasa mai tambaya a ɓoye ba, ko uwargida ce ta yi yaji, ko kuwa rumbu ne ya ga ƙasa. A cikin gidan ma cin abinci yana da tsarinsa. Manyan maza su yi ciyayya a zaure ko a ƙofar gida, kowa a fito masa da akushinsa. Mata su ci a tsakar gida. Yara su kewaye kwano guda, babbansu ya raba nama. Uba ba ya haɗa hannu da ɗansa a kwano, balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba a kamawa.

Harshe kansa shaida ne a kan wannan. Kalmar “otal” da Hausa ta aro daga Ingilishi ba ta tsaya a kan ma'anar masauki ko wurin cin abinci ba, sai ta kwaso wata ƙura a hanya, har ta zama sunan wurin giya da sharholiya. Don haka mutumin kirki ba ya son a ce an gan shi a otal, ko da ruwa ya shiga sha. Da bukata ta taso sai aka koma ga “gidan abinci”, wato aka jingina abin da gida, don ya sami tsarkin da aka san gida da shi.

A cikin wannan hali ne wani sabon nau'in gidan abinci ya iso ƙasar Hausa, wanda kamfani guda yake buɗe rassansa a garuruwa daban-daban, da fenti iri ɗaya, da tufafin ma'aikata iri ɗaya, da ɗanɗano iri ɗaya. Asalin tsarin daga Amurka ne, inda McDonald's ya bunƙasa tun daga shekarun 1950. A Nijeriya kuwa kamfanin UAC ne ya buɗe Mr Bigg's na farko a unguwar Marina ta Ikko a 1986. Tantalizers ya biyo baya a 1997, sai Chicken Republic a 2004. Daga Ikko rassan suka riƙa hawowa arewa, zuwa Abuja da Kaduna da Kano, a daidai lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, bankuna kuma suka yi ta ɗibar matasa aiki. Wasu daga cikin rassan na wancan zamani sun daɗe da rufewa, wasu sun maye gurbinsu.

A shekarar 2006 wani dattijo daga ƙasar Rano, tsohon shugaban makarantar firamare, ya shigo Kano ganin likitan ido. Kowa a garinsu Malam yake kiransa. Wanda ya tarbe shi a tasha shi ne ɗansa na fari, wanda tun ranar yaye aka miƙa wa yayan Malam riƙo, kamar yadda aka saba. Yaron ya tashi a can, ya yi karatu a can, ga shi yanzu yana da shekara talatin da ɗaya, bai daɗe da samun aiki a wani banki ba bayan dogon zaman jira. A tsawon waɗannan shekaru, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa a durƙushe da amsawa a taƙaice ba. Idan Malam zai ambace shi sai ya ce “yaron nan”, ko “na wajen Yaya”.

Da suka fito daga asibiti suka sallaci azahar, sai ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ko za a ɗan tsaya a sa wani abu a ciki kafin a kama hanya?” Malam ya ce, “To.” Ya ɗauka gidan wani ɗan'uwa za a kai shi. Bai san albashin farko ne yake ƙaiƙayi a aljihun yaron ba, kuma ya kwana yana tunanin abin da zai yi wa mahaifinsa da shi wanda ba aike ba.

Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda aka ɗiga wa magani a ido da safe. Wani mai gadi ya ja ƙofar gilashi, sanyin na'ura ya daki fuskar Malam, ya yi sallama da ƙarfi kamar yadda zai yi a kowane zaure. Babu wanda ya amsa sai mai gadin. Da ya ga daɓen ƙasa yana ƙyalli ya fi na masallacin Juma'ar garinsu, sai ya fara zare takalmi. Ɗan ya taɓa hannun rigarsa a hankali, ya ce, “Baba, da shi ake shiga.” Wannan ne karo na farko da ya taɓa gyara wa mahaifinsa wani abu, kuma dukansu biyu sun ji nauyin hakan.

Abin da ya biyo baya duk a birkice yake ga wanda ya san bencin mai tuwo. A can mutum yakan zauna, a gaisa, a tambayi iyali, a zubo masa, ya ci, ya ce a ƙara miya, sannan ya wanke hannu ya biya, in ma babu ya ce a rubuta. A nan kuwa layi ake bi, abinci yana jere a bayan gilashi kamar magani a kemis, a nuna da yatsa, a biya tukuna kafin a ɗanɗana. Babu tayi, babu gyara, babu bashi. Malam ya ɗaga kai ya dubi allon da aka rubuta sunayen abinci. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci, ya karanta kowace kalma daidai, amma bai san abin da ko ɗaya take nufi a cikin faranti ba. Yaran birni kuwa tuni sun hausantar da sunayen, sun mai da harafin da Hausa ba ta da shi zuwa “f”, sun cusa wasula a tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, sai ka ji ana “mitfai” da “firayid rayis” da “ayis kirim” kamar da su aka haife su.

Tambaya ɗaya ce Malam ya yi, kuma ita ce tambayar da duk wani dattijo irinsa zai yi. Ya nuna kajin da ke jere ya ce, “Wa ya yanka?” Yarinyar da ke zuba abinci ba ta jin Hausa, ta dubi ɗan. Sai wani saurayi mai hular ma'aikata ya matso, ya russuna ya ce, “Baba, Musulmi ne suke yankawa, ni shaida ne.” Malam ya gyaɗa kai. Ɗan ya sayi soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza faranti biyu da lemon kwalba, ya zaro sabuwar takardar naira 1,000, wadda ba ta fi shekara guda da fitowa ba, tun da a watan Oktoba na 2005 aka fara kashe ta. Canjin da aka miƙo bai taka kara ya karya ba. Malam ya ga komai duk da hazon idonsa, ya mai da kuɗin mudun gero a zuci, ya ga abin da zai ci da gidansa kwanaki. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya dubi fuskar yaron, ya haɗiye.

Teburin ne ya fi komai wuya. Ɗan ƙarami ne, kujeru biyu suna fuskantar juna, an kafe su da ƙarfe ba su juyawa. Wanda ya zana shi a wata ƙasa mai nisa ya yi shi ne don saurayi da budurwa, ko abokan aiki masu sauri; bai san akwai al'ummar da uba da ɗan fari ba sa haɗa ido ba. A tabarma mutum yana iya karkacewa, ya ba da gefe, ya dubi bango. A nan babu inda ido zai gudu. Ɗan ya tsaya riƙe da tire yana neman wani teburin da zai koma, Malam ya ce, “Zauna mana.” Ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran hukunci.

Kafin ya sa cokali, Malam ya juya wajen wasu samari da ke teburin kusa ya ce, “Bismillah.” Suka dube shi da mamaki, ɗaya ya yi murmushi ya ce, “Na gode, Baba.” Tayin abinci wajibi ne a wurin Bahaushe ko da loma ɗaya ce ta rage, amma a gidan da kowa ya biya nasa, tayi ya zama baƙon abu. Can kuma ta bayan gilashi ga wani almajiri da robarsa yana leƙe, mai gadi yana kora shi. A bencin mai tuwo da tuni ya tsaya a gefe yana jiran saura, kuma da ya samu. A nan saura kwandon shara ake kai shi. Wannan aibi ne babba na irin waɗannan gidaje, kuma sanyin na'ura ba ya rufe shi.

Sai dai akwai wani abu da gidan ya bayar wanda zaure ba ya iya bayarwa. Kunya irin ta ɗan fari, duk da asalinta a zuciya yake, idon jama'a ne yake ciyar da ita. A garinsu da Malam ya zauna cin abinci da yaron nan, kafin magariba labari ya kai majalisa, a ce tsufa ya sa ya zubar da kara. A nan babu wanda ya san shi. Babu wanda ya san wannan ɗan fari ne ko auta. Rashin sanayyar da ta hana a amsa masa sallama ita ce ta sauke masa kayan da ya ɗauka shekara talatin da ɗaya.

Suka ci a shiru na ɗan lokaci. Cokalin roba yana lanƙwashewa a jikin kaza, Malam ya ajiye shi, ya je famfon da ke lungu ya wanke hannu, ya dawo ya ci da hannunsa. Da ɗan ya ga haka shi ma ya je ya wanke nasa. Can Malam ya ce, “Aikin da wuya?” Ɗan ya ce, “Da sauƙi, Baba, sai dai tsayuwa da lissafin kuɗin mutane.” Malam ya ce, “Kuɗin mutane wuta ne. A kula.” Daga nan magana ta ɗan buɗe, ya tambayi ɗakin da yake haya, da wanda yake yi masa girki, da ko yana samun sallar asuba a jam'i. Tambayoyi ne da a da sai dai ya aika a yi masa su ta bakin Yaya.

Malam ya ci rabin shinkafar, bai taɓa cinyar kazar sosai ba. Ya sa aka kawo kwali aka juye masa, da suka fito ya miƙa wa almajirin nan, ya tsaya har ya ga ya karɓa da hannu biyu. A tashar Unguwa Uku ɗan ya biya kuɗin mota, ya durƙusa ya yi sallama kamar kullum, Malam ya amsa a taƙaice kamar kullum.

Da daddare uwargida ta kawo tuwon dawa miyar kuka, ta tambayi yadda aka yi da likita. Ya gaya mata. Ta tambayi abin da ya ci a birni, ya ce shinkafa ce mai tsada, kazar kuma ba ta da ƙashin kirki, irin ta gidan gona ce. Ya yi shiru yana gutsurar tuwo. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ashe yaron nan gefe yake ture nama, sai ya gama da shinkafa ya ci shi a ƙarshe. Haka marigayi Baba yake yi.”