Kan Baba Littafi Ne, Nawa Rariya

Yau wani al'amari zan kawo wanda na daɗe ina juya shi a raina, domin ya shafi sirrina, mu kuma ba mu saba tona cikinmu a bainar jama'a ba. To amma na lura ba ni kaɗai nake fama da shi ba, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Baba ya zo Jimeta daga Kano a 1986, lokacin ana kiran jihar Gongola, da dila guda ta atamfa wadda ubangidansa na Kantin Kwari ya ba shi bashi. Daga wannan dila Allah ya yi masa shago, ya yi masa gida, aka haife mu. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa riƙe littafin lissafi ba. Ka tashe shi cikin dare ka tambaye shi nawa mutumin Mubi ya rage, turmi nawa aka aika Numan, yaushe na Garwa ya ce zai biya, zai zayyano maka ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: a garin da ba a binne cibiyarka ba, sunanka shi ne jarinka. A Kano idan ka yi kuskure akwai dangi da za su tsaya maka. A nan kuwa idan ka ci amanar mutum ɗaya, ko da bisa kuskure ne, sai a ce haka Hausawa suke.

Ni kuma Allah ya yi ni da wani irin kai. Tun ina makarantar allo ake duka na saboda a biya mini karatu yanzu, kafin in koma wurin zamana hankalina ya tafi wurin wata akuya da ke wucewa. A sakandare malamai suna cewa yaron nan yana da ƙwaƙwalwa amma wasa ya yi masa yawa. Aikin gida sai daren da za a karɓa nake fara shi. Mama ta aike ni sayen abu uku, in dawo da biyu, na ukun kuma in sayo wanda ba ta ce ba. A gida sunana ya zama mai shiririta, har ni ma na yarda cewa lalaci ne kawai.

Abin da ya fasa ƙwai ya faru ne a azumin 2023. Kakarmu ta kwanta rashin lafiya a Kano, Baba ya tafi ya bar mini shago na mako biyu. Lokacin ba a daɗe da fita daga wahalar ƙarancin takardun naira ba, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Wannan ya ce ya turo, wancan ya ce ka duba alat, ga masu tayi a tsaye, ga ƙishirwa, ga zafin Yola na watan Afrilu da ke haura digiri 40. Ana cikin haka wani dattijo daga Ganye, wanda ya fi shekara 20 yana ciniki da Baba, ya turo kuɗin turmi 25 na atamfa. Ya roƙe ni in sa masa a mota washegari, domin teloli sun kusa daina karɓar ɗinkin Sallah. Na ce, "Baffa, kada ka damu, gobe insha Allahu da safe kayan suna hanya."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Washegari kaya suka iso daga Kano, na tafi tashar Jambutu ɗauko su, na manta. Rana ta biyu na tuna ina cikin sallar tarawihi, na ce da safe. Da safe na ware kayan har na ɗaure, sai masu saye suka cika shago. Rana ta uku ya kira, na ga sunansa a waya, gabana ya faɗi, na kasa ɗauka. Daga nan matsalar ta tashi daga mantuwa ta koma kunya. Kullum da kayan nake kwana a raina, da su nake tashi, ga su nan a ɗaure a lungun shago ina kallonsu, amma ƙafata ta ƙi zuwa tasha, domin idan na aika sai na kira shi, idan na kira shi sai na yi bayani. Rana ta shida sai ga dattijon nan da kansa, da azumi a bakinsa, ya biyo ta Jada da Mayo Belwa ya zo. Bai zage ni ba. Ya dubi kayan, ya dube ni, ya sa ɗan dako ya ɗauka, ya tafi.

Da Baba ya dawo ya ji labari, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Abin da na gina a shekara 37 ka so ka rushe shi a kwana shida. Bayan Sallah ka ba ƙaninka makulli."

Watannin da suka biyo baya ba na so in tuna da su. Barci ya ƙaurace mini. Waya ta yi ƙara sai ƙirjina ya hau bugawa. Na daina zuwa majalisa, na daina cin abincin kirki. Da yamma sai in tafi bakin Binuwai kusa da gada in zauna ina kallon masu kwale-kwale, ina ce wa kaina ni ba ni da amfani. Wani abokina ya miƙo mini tiramadol, wai zai sa in ji ƙarfin aiki in manta damuwa. Allah ya tsare ni, domin na ga yadda ƙwayar ta mayar da wasu samarin unguwarmu.

Yayata, wadda take aikin jinya, ita ta fara cewa in ga likita. Na ce, "Haba Yaya, yanzu har na kai matsayin mahaukaci?" Ta ce, "Wanda idonsa ba ya gani sosai ya je a ba shi tabarau, makaho ne?" Mama kuwa tana ta addu'a tana ba ni tofi, ta ce in je, magani ba ya hana addu'a. Haka na bi Yaya zuwa wani asibiti a Yola ina sunkuyar da kai kada wani ɗan kasuwarmu ya gan ni.

Likitan bai yi gaggawar sa wa abin suna ba. Sai da na je sau uku. Ya tambaye ni barcina, ya tambayi ko ina shan wani abu, ya tambayi yarintata, har ya sa Yaya ta ba da labarin yadda nake ina ƙarami. Daga baya ya yi mini bayani da misalin da zan gane. Ya ce a ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, akwai wurin da yake aiki kamar mai shago a cikin yaransa. Aikinsa uku ne: ya riƙe abin da ake ciki a kai har a gama, ya taka wa mutum birki idan wani abu ya ja hankalinsa, ya kuma sauya dabara idan al'amari ya canza. Daga waɗannan ukun ake samun tsara aiki, da fara shi, da kiyaye lokaci. Wannan ɓangare shi ne yake makara wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ya ce nawa mai shagon yana da rauni tun asali, abin da likitoci suke kira ADHD, wato lalurar ƙarancin tattara hankali, wadda ake kiyasin tana samun yara kusan 5 cikin 100, da yawansu kuma suna girma da ita. A kan wannan sai fargaba da ƙuncin rai suka hau, su kuma suna ƙara raunana shi, kamar mai ɗingishi ne aka ɗora wa buhu.

Daga baya na karanta bayanin wani masani ɗan Amurka, Russell Barkley, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan lalurar. Abin da yake nunawa shi ne masu ita sun san abin da ya kamata su yi, aikata shi a lokacinsa ne yake gagararsu, don haka wa'azi da faɗa ba sa gyara su, sai dai a fito da tunatarwa waje, a ajiye ta a daidai wurin da za a yi aikin. Da na karanta sai na tuna da turmi 25 ɗin nan a lungun shago.

Ga abubuwan da na koya, waɗanda har yau da su nake tafiya. Na farko, na daina amincewa da kaina wajen ajiya. Masana sun ce abin da mutum yake iya riƙewa a kai lokaci guda bai wuce kamar abu 4 ba, a kasuwa kuwa kafin azahar an faɗa maka arba'in. Na sayi ƙaramin littafi na ɗaura masa biro da zare. Duk wanda ya ba ni saƙo sai in ce, "Dakata in rubuta," a gabansa, kafin ya juya baya.

Na biyu, na daina cewa "anjima" ko "gobe", domin a wurina anjima ba ta da ranar zuwa. Na ɗaure kowane aiki a jikin salla. Idan na idar da asuba, zan buɗe littafi in zaɓi abu uku kacal na ranar. Idan na idar da azahar, zan tafi tasha da duk kayan aike. Idan na idar da la'asar, zan kira masu bashi biyu. Ladan ba ya mantuwa, don haka na mai da shi agogona.

Na uku, ina farfasa aiki. "Aika kaya Ganye" a ido abu ɗaya ne, alhali biyar ne: warewa, ɗaurewa, kiran mai keke, biyan direba, tura lambar direba ga mai kaya. Idan na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, na farkon ba ya ba ni tsoro.

Na huɗu, waya tana shiga durowa lokacin lissafin yamma, da dare kuma ba ta kwana kusa da ni. Da barcina ya daidaita, rabin mantuwar ta ragu.

Na biyar, wanda ya fi kowanne wuya: idan na yi kuskure, ina kiran mutum a ranar in ce na makara, ka yi haƙuri, ga lokacin da zan cika. Na gane cewa mantuwar kwana ɗaya ba ita ta ɓata ni da dattijon Ganye ba, shirun kwana biyar ne.

Saura Baba. Shi a wurinsa rubuta bashi alama ce ta raunin kai da rashin yarda da mutane. Wata rana bayan magariba na sami limamin masallacinmu na roƙe shi ya sa baki. Malam ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba. Baba ya yi shiru. Bayan kwana biyu ya ce in koma shago, amma makulli yana hannun ƙanina. Na ce na yarda. Na fi shekara a haka, ina ƙarƙashin yaron da na goya.

'Yan uwa, ba ina cewa duk mai mantuwa yana da wannan lalura ba. Rashin barci, da baƙin ciki, da shaye-shaye, duk suna kawo irin waɗannan alamu, shi ya sa likita ne kaɗai zai tantance, shi ne kuma zai ce ko mutum yana buƙatar magani. Kada wanda ya je kemis ya sayi ƙwaya saboda ya karanta labarina. Na san likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci, ƙungiyarsu ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Amma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Maiduguri, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato, kuma likitan babban asibiti zai iya fara duba ka ya tura ka inda ya dace. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta canza suna, saura mu a gidajenmu.

Ga iyayenmu 'yan kasuwa kuma, ina roƙo da ladabi. Idan kuna da yaron da ake duka tun yana ƙarami bai canza ba, mai yiwuwa ba taurin kai ba ne. Ku zaunar da shi ku tambaye shi abin da yake faruwa a kansa. Kalmar "ba ka da amfani" tana zama a zuciyar yaro fiye da yadda kuke zato.

Ban warke ba, kuma likita bai yi mini alkawarin warkewa ba. Makon jiya ma sai da na bar mai keke yana jira na rabin awa. Dattijon Ganye ya dawo ciniki da mu, amma har yau lambar Baba yake kira, ni sai dai mu gaisa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai kwanakin baya wani abu ya faru. Wani mutumin Mubi ya zo biyan bashi, suka yi saɓani da Baba a kan ragowar kuɗin. Baba ya yi jim, ya shafa gemunsa da ya fara fari, sannan ya juyo ya ce mini, "Kai, duba mana littafin nan naka." Na buɗe, ga rana, ga adadi, ga sa hannun mutumin. Da za mu tashi da yamma, ya karɓi makulli daga hannun ƙanina, ya cire ɗaya daga cikin biyun ya miƙo mini, bai ce komai ba.

Allah ya ba mu lafiyar jiki da ta zuciya, ya sa albarka a nemanmu, ya rufa mana asiri a inda muke zaune. Wassalamu alaikum.

Naku, daga Jimeta.