Tebur Ɗaya, Kwano Biyu a Singafo

Ni Musulmi ne, naman alade ba ya shiga bakina, kuma wannan ba maganar da ake ja-in-ja a kanta ba ce. Duk da haka, a zaman kwas da na yi a Singafo, kusan kullum ina cin abincin rana tebur ɗaya da mai shan romon haƙarƙarin alade, wanda Sinawan can suke kira bak kut teh. A wannan teburi na koyi wani abu game da zaman tare wanda tarurrukan sulhu na gida ba su koya mini ba.

Inda muke ci babbar rumfa ce ta masu sayar da abinci: fankoki a sama, tebura kafe a ƙasa, ƙananan shaguna jere kafaɗa da kafaɗa. Da can a bakin titi waɗannan mutane suke sana'a. Gwamnati ta yi musu rajista a ƙarshen shekarun 1960, sannan tsakanin 1971 da 1986 ta gina musu irin waɗannan rumfuna masu famfo da magudanar ruwa. Yau sun haura 100, kuma a Disambar 2020 UNESCO ta sa wannan al'ada cikin kayan gadon bil'adama. A ciki Basine da Bamale da Ba'indiye kowa yana girkinsa, masu ci kuwa tebur ba na kowa ba ne.

Abokin cin nawa dattijo ne Basine, ma'aikacin wurin da muke kwas. Ranar farko, kafin ya ajiye tirensa, ya tsaya ya ce, "Ɗana, zai dame ka in na ci wannan a gabanka? In da damuwa sai in koma can." Na ce, "Haba Baba, zauna." Ya zauna, amma ya ja kwanonsa gefe, nesa da nawa, kuma haka yake yi kullum ba tare da ya ƙara ta da maganar ba.

Na kalli romon nan da kyau. Ruwansa garau, ƙamshin farin masoro yana tashi, tafarnuwa dunƙule-dunƙule da ɓawonta tana yawo a ciki. Gefe ga farar shinkafa, ga soyayyen ƙullin fulawa da yake tsomawa ya jiƙe, ga ɗan tukunyar shayi da kofuna waɗanda ba su wuce kurɓi ɗaya ba. In romon ya yi ƙasa, mai shago ya zo da buta ya ƙara masa kyauta. Ya ce mini wannan girkin 'yan ƙabilar Teochew ne; na 'yan Hokkien, wanda garin Klang na Malesiya ya yi suna da shi, baƙi ne, ya sha saiwoyin magani. Sai ya kawo labarin kakansa, wanda ya yi dako a bakin kogin Singafo, yana sauke buhunan shinkafa daga jiragen ruwa. Ƙashi ya fi tsoka araha, saboda haka da ƙashi da masoro da tafarnuwa leburori suke karyawa kafin rana ta fito, kamar yadda 'yan dakon Dawanau suke tsayawa wurin mai koko da ƙosai. Yana maganar nan idonsa ya kawo ruwa. Abincin haramun ne a gare ni, amma gumin wannan kaka ba abin rainawa ba ne, kuma ban ji waɗannan biyun sun yi karo a zuciyata ba.

Ni kuwa nawa romon naman akuya ne, sup kambing, daga shagon wani Musulmi Ba'indiye, mai kauri da kayan yaji da soyayyar albasa, ana ci da burodi. A bangon shagon an liƙa takardar shaidar halal ta MUIS, majalisar harkokin Musulunci ta ƙasar, wadda aka kafa a 1968. Kwanukansa da cokulansa daban suke. In an gama, wurin mayar da tire ma biyu ne, na halal da wanda ba na halal ba, kuma tun Satumbar 2021 wanda ya tashi ya bar tirensa a tebur yana iya shan tara. Na taɓa ganin wani baƙo ya nufi ɓangaren halal da kwanon alade, tsohuwar da ke share tebura, wadda ita ma ba Musulma ba ce, ta tare shi da hannu ta nuna masa ɗaya ɓangaren.

Da yawa a cikinmu muna zaton sai mutum ya sassauta addininsa kafin ya iya zama da wanda ba nasa ba. A can na ga akasin haka. Saboda iyakar a bayyane take, kuma kowa yana tsare ta har mai shara, shi ya sa na ci abincina hankali kwance kamu biyu daga kwanon alade. A al'adar Sinawa babba yakan ɗebo abinci da tsinkensa ya sa wa baƙo a faranti don girmamawa. Baba bai taɓa miƙo tsinkensa wajena ba. Ruwan rake yake sayo mini maimakon haka.

Kada a ɗauka mutanen can mala'iku ne. A 1964 rikici ya ɓarke tsakanin Malawa da Sinawa ranar jerin gwanon Maulidi, in aka haɗa da wanda ya biyo baya a Satumba, mutum 36 suka mutu. Da gangan aka gina wannan zaman tare bayan an ga jini. Abin yana ci mini rai in na tuna Kaduna, inda rikici ya sa kogi ya raba mazauna gari gida biyu, har yaro ya girma bai taɓa cin abinci da ɗan ƙetare ba.

Maganar romon ma ba ta mutu ba. A 2024 Malesiya ta sa bak kut teh cikin jerin abincin gadon ƙasa, wasu Musulmi suka yi ca, suna cewa abin da yawancin 'yan ƙasa ba sa ci bai cancanci wannan matsayi ba. Na fahimci kishinsu, amma ban bi bayansu ba. Jerin bai zuba romon a kwanon kowa ba, kuma leburorin da suka sauke kaya a tashar Klang su ma da su aka gina ƙasar.