Alkakin Turawa a Unguwar Dukawuya

Malamanmu da 'yan'uwana 'yan makaranta, ina roƙonku ku yi mini haƙuri in ɗan yi magana a kan abin zaƙi, ko da ya ke na san an fi saba ganin zancen ilmi a wannan shafi. Akwai wani abin ƙwalama da Turawa su ke kira tat, mutanen gidanmu kuwa suka laƙaba masa suna alkakin Turawa. Ƙirarsa kamar faifai ce mai ɗan baki, an yi ta da ƙullin fulawa, an cika ta da cakulan da ƙanshin lemon zaƙi. A gidanmu na ke yinsa, nan Dukawuya, unguwar da ke jikin ganuwar Kano tsakanin Ƙofar Kabuga da Ƙofar Gadon Ƙaya.

Kayan haɗinsa duk ana samu ba tare da an bar Kano ba. Fulawa da sukari da madarar gwangwani suna Kasuwar Singa. Lemo kuwa sai 'Yan Lemo ta hanyar Zariya, inda manyan motoci su ke sauke na ƙasar Binuwai. Kada korensa ya ruɗe ku. Lemon ƙasashen zafi ya kan nuna da ɓawonsa kore, domin sanyin dare ne ke juya shi ya yi ja, mu kuwa ba mu da shi sai kaɗan.

Cakulan shi ne mai dogon labari. Da 'ya'yan itacen koko a ke yinsa, ba kokon da mu ke sha da ƙosai ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Asalin itacen daga Amurka ta Kudu ne. A 1879 wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya kai irinsa ƙasar da a yau a ke kira Gana daga tsibirin Fernando Po, har aka wayi gari Gana da Kwaddibuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya. Mu ma muna da namu a ƙasar Yarabawa, da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Badun, Cocoa House, a 1965. To, ga abin mamaki: a kan ɗora 'ya'yan a jirgin ruwa a kai Turai a niƙa, sa'an nan a komo mana da su cikin takarda mai ƙyalli mu saya da tsada. A 2024 cuta da rashin kyawun damina suka ɓata gonakin Gana da Kwaddibuwa, tan ɗaya ya haura dala 10,000, alhali kuwa a shekarun da suka gabata bai cika wuce 3,000 ba. Tun daga sa'an nan na koyi karanta bayan takarda kafin in biya, domin akwai wanda an cire masa man kokonsa an sa wani mai, suna ne na cakulan amma a baki sai ka ce kyandir.

Ga yadda a ke yi. A sami fulawa giram 200, da man shanu giram 100, da sukari cokali 2, da gwaiduwar ƙwai 1. Man shanun lalle ya zama ɗanye, wanda aka wanke sarai da ruwan sanyi. Wanda aka toya da albasa don tuwo, a bar wa tuwo abinsa. A murtsuke man cikin fulawa da kan yatsu har ta yi kamar tsaki, a yayyafa ruwan randa kaɗan, a dunƙule. Ba a kirɓa shi kamar ƙullin gurasa, in an wahalar da shi tauri ya ke yi. A bar shi ya huta rabin sa'a a wuri mai sanyi, a murza shi da kwalba, a shimfiɗa cikin faranti mai baki, a tsattsaga gindin da cokali mai yatsu, a rufa takarda, a zuba busasshen wake bisa don kada ya kumbura.

Wanda ke da abin gashi na zamani, ya sa shi a zafi 180 na minti 20. Mu kuwa da ba mu dogara ga wutar lantarki ba, tukunya mu ke samu babba, mu zuba yashi a gindinta, mu ɗora bisa garwashi har yashin ya ɗauki zafi, mu aza farantin, mu rufe, mu zuba wani garwashin bisa murfi. Wannan dabara ta matan birni ce, da ita su ke gasa kek ɗin biki, ban kuwa ga inda ta kasa ba.

Wajen cikin ne a ke gane mai hankali. Cakulan giram 200, a kakkarya shi cikin kwano, a ɗora kwanon bisa tukunyar ruwan zafi. Ba ya son harshen wuta, ba ya kuma son ɗigon ruwa; ɗigo guda in ya faɗa ciki sai ya cure ya zama kamar laka. A ɗumama madarar gwangwani 1, a zuba a hankali ana juyawa, in ya huce a fasa ƙwai 2. Sa'an nan a kankare ɓawon lemo 2, koren nan na sama kaɗai, domin a nan man ƙanshin ya ke, farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci ne zalla. Ruwan lemon kuwa cokali 2 ya isa, in ya yi yawa sai tsaminsa ya tsinke madarar. A juye cikin gasasshen faifan, a mai da shi tukunya da wuta kaɗan kamar minti 15, a sauke tun tsakiyarsa tana ɗan rawa.

Gardama ta tashi a gidanmu da aka zo shirin garar ƙanwata. Na ce a sa tat a cikin kaya, Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, gara ba wurin gwaji ba ce. Wannan baƙon naki kwana nawa zai yi a ɗakin amarya?"

A kan baƙunta ban yarda da Gwaggo ba. Alkama da alkaki da lemo, sunayen nan duka daga bakin Larabawa muka same su, gurasar da Kano ke alfahari da ita su suka zo da ita, lemon zaƙi kuwa asalinsa daga wajen ƙasar Sin ne. Duk baƙi ne da suka daɗe har suka zama 'yan gida. Amma a kan kwana, gaskiyarta. Ku dubi alkaki: tsakin alkama ne a ke jiƙawa da ɗan tsami, a bar shi ya kwana, a naɗe shi, a toya cikin mai, a tsoma cikin zuma ko narkakken sukari. Mai ya kore masa ruwa, zuma ta tsare shi, sai ya yi makonni cikin kwalla ana rarraba wa dangin miji, daga na Gwale har na ƙauye. Nakiya da dubulan ma haka. Tat kuwa madara ce da ƙwai, in babu firji ba ta wuce kwana 2, man koko kuma yana narkewa a zafi 34, alhali bazarar Kano ta kan kai 40 har ta wuce. Kayan gara mutuncin gidan amarya ne, in aka buɗe kwano gaban surukai aka tarar ya narke ko ya yi tsami, da uwar yarinya za a yi ta zancen har shekara ta kewayo.

Saboda haka gara ta tafi da alkaki da nakiya da dubulan, yadda aka saba. Tat kuwa na mai da shi abin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da lemo ke araha, man shanu kuma ke yin barci da kansa a cikin kwano. A yi shi da hantsi, a yanka bayan la'asar, a ci ran nan. Yanka ƙanana ya kamata a yi, domin nauyi gare shi, faranti ɗaya ya isa mutum 10. Gwaggo ta kan karɓi nata ta ce ɗaci ya yi masa yawa, amma ɓawon lemon ya shiga ranta, yanzu in za ta dafa sukarin alkaki sai ta aiko yaro ya ce, "Yaya, Gwaggo ta ce ki kankaro mata guda 2."