A-kori-kura Mai Ja Dama

A garin Dangoma, cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, akwai wani direba mai tsohuwar a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar kamfanin a shekarar 1975. Da wannan mota yake ciyar da iyalinsa. Idan kaka ta yi, yakan ɗauki buhunan shinkafa da gero zuwa kasuwar Jega, ya dawo da fasinjoji da kayan masarufi.

Wata rana a ƙarshen damina, motar ta faɗa wani rami alhali tana ɗauke da kaya fiye da ƙima. Ya ji ƙara daga baya, ya sauka ya zagaya, bai ga komai ba, ya ci gaba da tafiya. Tun daga ranar ta fara ja zuwa dama. Da fari abin kaɗan ne, sai ya riƙa danne sitiyari zuwa hagu. A kwana a tashi hannunsa ya saba har ya daina lura, illa dai kafaɗarsa da ke yi masa ciwo kowane dare. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa.

Ranar da ya farga, yana gab da shiga Kalgo ne ya sassauta riƙon sitiyari don ya amsa gaisuwar wani abokinsa. Kafin ƙiftawar ido motar ta sauka daga kwalta, ta nufi wasu 'yan makaranta da ke tafiya a gefen hanya. Allah ya kiyaye, birki ya kama. Ya daɗe zaune jikinsa na ɓari kafin ya iya sake tayar da ita.

Washegari da sassafe ya kai ta garejin wani dattijon makanike a Birnin Kebbi. Bayan sun gaisa ya ce, “Baba, alaimen nake so a yi mata, tayar gaba ta dama ce ta karkace.”

Dattijon ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, kai ka zo da ciwo ka zo da magani. Bari mu ji daga bakin motar tukuna. Kullum take ja, ko sai ka taka birki?”

“Kullum ne, Baba.”

Suka fita gwaji. Dattijon ya bayyana masa cewa ana gina hanya da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangare, kuma tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, lafiyayyar mota ma takan ɗan zame zuwa dama. Saboda haka ya nemi shimfiɗaɗɗen wuri, ya saki sitiyari. Motar ta karkata nan take. Lallai akwai matsala.

Da suka dawo, ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya auna iskar tayoyin, domin mota takan bi tayar da iskarta ta yi ƙasa. Ta dama ta ɗan ragu, aka cika, aka sake gwaji, tana nan tana ja. Ya sa yaransa suka musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Da laifin taya ne, da jan ya sauya gefe, amma bai sauya ba. Ya taɓa kowane wili ya ji ko akwai wanda ya fi sauran zafi, wanda hakan alama ce ta birkin da ya maƙale. Duk ɗuminsu ɗaya. Aka ɗaga gaban motar da jak, ya juya tayoyin, ya girgiza su sama da ƙasa, hagu da dama, yana neman sako-sako a mahaɗan ƙafar da na sitiyari. Nan ma lafiya lau.

Direban ya fara ƙosawa, ganin rana ta yi kuma lodin Jega na jiransa. Dattijon bai kula shi ba. Ya ɗauko igiya ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya ta ɓangaren dama, ya ƙulla alama. Da ya kai igiyar ɓangaren hagu sai ta gaza da kusan faɗin yatsu biyu. Ya shiga ƙarƙashin motar, can sai ya kira shi, “Zo ka gani da idonka.”

Ƙusar da ke riƙe ganyayen sifirin a tsakiya, wadda makanikai ke kira santa-bol, ta karye a ƙafar baya ta hagu, har ƙafar ta ja baya daga mazauninta. Idan ɓangare ɗaya na mota ya fi ɗaya tsawo, dole ta riƙa juyawa zuwa gajeren ɓangaren. Ashe ciwon yana baya ta hagu, kukan ne yake fitowa gaba ta dama. Da an yi alaimen ɗin da ya nema, da an miƙe masa sitiyari kawai, ƙafar kuwa ta ci gaba da zamewa har ranar da za ta rabu da motar a bisa hanya.

Aka sayo sabuwar ƙusa, aka mayar da ƙafar mazauninta, aka ɗaure ta tam, sannan aka yi alaimen a ƙarshe. Kuɗin ƙusar bai kai na tayar dama ba, wadda ta cinye ta gefe guda a watannin da ya yi yana kokawa da sitiyari, ya zama tilas ya sauya ta.

A hanyar komawa Dangoma sai ga motar tana neman yin hagu. Gabansa ya faɗi, kafin ya gane cewa hannunsa ne bai daina danne sitiyarin ba. Sai da ya yi kusan mako guda kafin hannun ya yarda motar ta warke. Daga nan ya rage lodi, ya kuma ajiye igiya a ƙarƙashin kujerarsa.