Gajeren zango ma da ranarsa

Sabuwar na'urar wifi da na saka a gida layi biyu gare ta. Na 2,4 GHz yana ratsa bango har zaure, sai dai ba sauri. Na 5 GHz akwai gudu, amma katangar laka biyu sun isa su kashe shi.

Wannan rashin nisan ne ya yi mini rana. Kowane layi na sa masa lambar sirrinsa, na ba yara ta 5 GHz kaɗai. A falo, gaban idona, bidiyon darasi yana buɗewa nan take. Da sun shige ɗakin kwana, rezo ya ɗauke.

Yaron da ya kwana kan waya, mu malamai ke shan gyangyaɗinsa a aji. Iyaye, kafin ku sayi mai dogon zango, ku duba ɗakin wa zai kai.